Tuban mai rawa da wasan talabijin, da hukuncin tsofaffin finafinanta

Tambaya: Malam, yarinyar da ta yi suna wajen rawa da wasan talabijin, idan ta bari, shin tubanta yana karɓuwa alhali har yau ana kallon finafinanta?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ki duba labarin Sana Khan, ya ke 'yar'uwa mai tambaya, tunda finafinan Indiya ba baƙi ba ne a gidajenmu. Haifaffiyar Mumbai ce, ta yi tallace-tallace da rawa tun tana budurwa, ta shiga shirin Bigg Boss a 2012, ta fito tare da Salman Khan a fim ɗin Jai Ho a 2014. A Oktoban 2020 ta sanar a Instagram cewa ta bar harkar saboda tunanin mutuwa da abin da ke bayanta, ta roƙi kada a sake nemanta da irin wannan aiki. A Nuwamba ta auri Mufti Anas Sayed, mutumin Surat.

Rawar mace ga mijinta, ko tsakanin mata zalla ba tare da batsa ba, malamai sun sassauta a kai. Rawa gaban mazan da ba muharramai ba da bayyana al'aura haramun ne, kyamara kuwa tana kai ta gaban idon da ba ya ƙirguwa.

Sharuɗɗan tuba uku ne: barin saɓon, nadama, da ƙudurin rashin komawa, sai mayar da haƙƙi idan na mutane ne. Babu sharaɗin cewa sai duk faifai ya ɓace daga duniya. Abin da ke hannunta, kamar shafinta da wayarta, wajibi ne ta goge. Abin da ke hannun kamfani ta nemi a cire. Idan sun ƙi, ƙarshen Suratul Baƙara ya nuna ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, aya ta 53 ta Suratuz Zumar kuma ta hana yanke ƙauna.

Kuɗin da ta tara ta haramtacciyar hanya ba za ta mayar wa masu fim ba, domin sun riga sun karɓi abin da suka biya dominsa. Ibnul Ƙayyim ya tafi a kan ta yi sadaka da shi, in kuma mabuƙaciya ce ta riƙe gwargwadon buƙatarta. Wannan ne na fi natsuwa da shi, don yunwa takan mayar da mai tuba inda ya fito.

Kai kuma ɗan'uwa da kake tura tsohon bidiyonta a WhatsApp kana cewa a ga malamar, zunubin yaɗawar a wuyanka yake, ba a wuyanta ba.

Allah ne mafi sani.