Idan notin giya ya saki

Yau zancenmu a kan akwatin giya ne, wanda makanikai ke ce ma bwat.

Cikin bwat, haƙoran giya suna bisa sandar ƙarfe. A wasu motoci noti guda, wato ekuru, shi ke riƙe giya ta biyar a ƙarshen sandar. An san wannan ciwo ga a-kori-kura Dodge Ram ta Amurka mai shan gazuwal, tun 1994. Girgizar inji ke kwance notin sannu sannu, musamman in direba ya sa ta biyar, mota da kaya, tana tafiya a hankali.

Ga alama: ka sa ta biyar, inji ya yi ƙara, mota ba ta ja. Sauran giya lafiya lau. To, koma ta huɗu, ka nufi garaji.

Ba sai an sauke bwat duka ba. Makaniki zai tsiyaye mai, ya cire murfin baya, ya duba haƙora. Tsohon noti a jefar da shi. A sa sabo mai makulli, a ɗaure ƙwarai. In sandar ta cinye, canza ta, in ba haka ba notin zai sake saki.