Jinyar Ɗan Kwikwiyo a Gida, da Inda Iyakarta Take

A daminar bara wani maƙwabcina, mutum mai 'yar gona a bayan gari, ya samo ɗan kwikwiyo daga hannun wani mafarauci, ja mai farin wuya, wanda bai fi mako bakwai da haihuwa ba, da niyyar ya raine shi har ya tasa ya riƙa tsare masa masara daga birai da masu ɗan hali. Ba a yi kwana goma ba sai ya ga kaska ta yi dafifi a kunnuwan ɗan abin da tsakanin yatsunsa, tausayi ya kama shi, ya shiga ɗaki ya ɗauko fiya-fiyar da yake kashe sauro da kyankyasai da ita, ya jiƙa tsumma ya shafe shi tun daga kai har wutsiya. Kaska kuwa ta mutu, babu shakka. Amma kafin la'asar kwikwiyon ya soma dalalar da miyau yana makyarkyata, kafin a kira magariba ya bi kaskar. Da na je yi masa jaje sai ya ce mini, “Wallahi, Malam, taimakonsa na yi nufi.” Na kuwa gaskata shi, domin a iyakar abin da na gani, yawancin kwiyakwiyan da ke mutuwa a gidajenmu ba mugunta ke kashe su ba, gyaran gangar Auzinawa ne.

Kafin in shiga maganar magani, ya kamata in kawar da wata shubuha da ke sa mutane da yawa ƙyamar taɓa kare ko da yana cikin wahala. Wanda duk ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san cewa an yi rangwamen ajiye kare domin tsaron shuka, da kiwo, da farautar neman abinci. Kuma a mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta galibin mutanen ƙasarmu, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki a cikinta sau bakwai kuwa ta'abbudi ne, wato bin umarni kawai, ba don najasa ba. Har ma masu sharhi sun hakaito cewa shi kansa mawallafin Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, kare ya ajiye, da aka tuna masa karhancin haka a wurin Malik sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Hadisin mutumin nan da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa, yana cikin Buhari da Muslim. To, tun da ka raba ɗan tsahon nan da nonon uwarsa ka kawo shi gidanka, ya zama amana, cinsa da shansa da jinyarsa duk sun hau wuyanka.

Farkon jinya shi ne sanin kamannin lafiya, gama wanda bai san yadda dabbarsa take ranar da take lafiya ba, ba zai gane ranar da ta kwanta ba. Kwikwiyo mai lafiya ba ya ƙin abinci, yana wasa har ya gundure ka, sa'an nan ya ɓingire da barci mai tsawo. In ka ɗaga leɓensa za ka ga dasashinsa jaja-jaja da damshi. In ka tsunkuli fatar ƙeyarsa ka saki, nan take za ta koma, idan kuwa ta tsaya a tattare to ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne ɗumin jiki: zafin jikin mutum daraja 37 ne, na kare kuwa yana tsakanin 38 da 39, saboda haka jin shi da ɗumi a tafin hannu ba hujjar zazzaɓi ba ce.

Raunin da aka fi gamuwa da shi a tafin ƙafa yake, domin ɗan kwikwiyo ba ya duban inda yake takawa, kuma tsakar gidajenmu ba ta rabo da tsidau, da ƙarangiya, da fasasshiyar kwalba, da tsohon gwangwani. Idan ka ga yana ɗingishi yana lasar ƙafa, sami wanda zai riƙe maka shi da kyau, musamman kansa, domin zafin ciwo yakan sa mai sanyin hali ma ya yi cizo, ka buɗa tsakanin yatsun ka duba cikin haske. In ƙaya ce, zare ta da hantsaki ta hanyar da ta shiga. In yanka ne mai jini, sai ka ninka ƙyalle mai tsabta ka danne wurin minti biyar cur ba tare da ɗagawa kana leƙe ba, domin kowace ɗagawa tana warware daskarewar da jinin ya fara. Bayan ya tsaya, ka aske gashin gefen raunin da almakashi, ka tafasa ruwa rabin lita ka zuba gishiri ƙaramin cokali guda, ka bari ya huce, ka yi ta kwarara shi a kai har ƙasa da datti su fita sarai, sa'an nan ka shafa aidin da aka sirka da ruwa har launinsa ya koma kamar na shayi marar kauri. Haka za ka yi safe da yamma. Toka, da ƙasa, da barkono, da kashin shanu, da ruwan batir, waɗanda na sha gani ana cusawa a miki, ba su da wani aiki sai ƙona tsoka da gayyato ruɓa. Maganar da ake yi cewa harshen kare maganinsa ne, ita ma a ajiye ta. Lasa kaɗan ba ta da laifi, amma wanda ya wuni yana lasa yana gwaguya zai mai da ƙwarzane gyambo, don haka ake yanka kwali a naɗa masa a wuya kamar mazurari, bakinsa ya kasa kai wa wurin.

Amma raunin da ya buɗe baki ana hangen abin da ke ƙarƙashin fata, ko wanda jininsa ya ƙi tsayawa bayan minti goma, ko ciwon ido kowane iri, ko ƙafar da aka kwana aka wuni ba ta taɓa ƙasa ba, ko saran maciji, waɗannan duk sun wuce hurumin mai gida. Haka nan cizon babban kare, ko da ƴar huda ce kake gani a waje, domin haƙori yakan yi ɓarna a ciki fiye da abin da ido ke nunawa.

Akwai wani abu da ke firgita sababbin masu kiwo a lokacin damina, alhali yana cikin mafi sauƙin sha'ani. Za ka ga ƙuraje kamar maruru sun fito wa kwikwiyo a ciki da cinyoyi da tafin ƙafa, kowanne da ɗan rami a tsakiya, in ka ƙura ido sai ka ga wani abu fari yana motsi a ciki. Tsutsar wani ƙuda ce, wanda ke zuba ƙwansa a busasshen rairayin inuwa inda fitsari ko kashi ya taɓa, in dabba ta kwanta a wurin tsutsar ta huda fata ta shiga ta yi ta girma. Ta ramin nan take numfashi, saboda haka in ka toshe shi da basilin ka ɗan dakata za ta yunƙuro waje, sai ka matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum, ka wanke gurbin da ruwan gishiri. Kada ka fasa ta a ciki. Sa'an nan ka share makwancinsa kullum, ka shimfiɗa masa buhu a kan daɓe ko katako, in ba haka ba bayan mako biyu za ka sake.

Kaska kuma, wadda ta jawo mana wannan zance, hannu ya ishe ta in ba ta yi yawa ba: a kama ta da hantsaki daf da fata, a ja a miƙe ba fizga, a jefa cikin kananzir. In ta yi yawa, ko ƙuma ta addabe shi, ko ƙazuwa ta soma cinye masa gashi, akwai magungunan da aka yi musamman domin karnuka, amma da yawansu ba su halatta ga ɗan ƙarami ba, sai likitan dabbobi ya dubi shekarunsa da nauyinsa. Baƙin man mota da ake shafa wa mai ƙazuwa guba ne, ta fata yake shiga, ta baki kuma yake lashe shi. Hukuncin maganin mutane ma haka yake. Ƙwayar Panadol ta babban mutum miligiram 500 ce, kwikwiyon kuwa watakila bai kai kilo biyu ba, guda ɗaya ta isa ta lalata masa hanta da jini. Ibufurofin da diklofenak kuma ciki suke ƙwarzanewa su taɓa ƙoda. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai maganar ciki, inda ajalin yawancinsu yake. Kusan kowane kwikwiyo da tsutsar ciki ake haifarsa, yana samunta tun a mahaifa ko ta nono, alamarta kuwa tumbi kamar tulu, da gashi a hargitse, da dasashi fari. Shi ya sa ake fara ba shi maganin tsutsa tun yana mako biyu, a maimaita kowane mako biyu har ya cika wata uku, a kuma riƙa kwashe kashinsa, domin yaran da ke wasan ƙasa suna iya ɗauka. Zawo sau ɗaya ko biyu ga wanda ke ci yana wasa, galibi sauyin abinci ne ko madarar shanu da aka ɗura masa, sai a tsai da madarar, a ba shi ruwa mai tsabta da ɗan farar shinkafa da dafaffen nama marar mai. A kiyaye shi daga miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, domin suna farfasa ƙwayoyin jinin kare, da ƙashin kaza dafaffe, da cakulan, da shinkafar ɓera da aka ajiye a bayan buhu. In kuma ka tsinci ɗan haƙori a ƙasa yana wajen wata huɗu, yana ta gwaguyar takalma, famfara ce kawai: 28 na nono za su zube, 42 su maye gurbinsu.

Amma idan amai ya haɗu da zawo, ya ƙi ci, ya kwanta lakwas, zawon ya koma jini mai wani irin ƙarni da ba a mantawa, to kada ka jira gari ya waye sau biyu. Mafi yawa wannan ita ce cutar da likitoci ke kira farbo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, tana kuma iya kashe kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku ta hanyar tsotse ruwan jikinsa. Ba ta da maganin gida, ƙarin ruwa ta jijiya ne ke ceto. Ƙwayarta tana zama da rai a ƙasa watanni, don haka wanda ta yi wa ɓarna ya wanke wurin da ruwan bilic, kada kuma ya yi gaggawar kawo wani. Allurar rigakafinta ana fara ta ne yana mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako goma sha shida, kafin nan kuwa ba a barinsa yawon unguwa.

Na jinkirta ciwon haukan kare zuwa nan ne domin shi kaɗai ne a cikin abin da na ambata yake tsallakawa daga dabba ya kashe mai ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana hallaka mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, da yawansu kuma yara ne. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Abin takaici shi ne rigakafinsa ya daɗe a hannu, tun 1885 da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro allura a Faransa ya tsira, kuma a ƙasar nan cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo ita in ya cika wata uku, a sabunta yadda likita ya rubuta a katinsa, a asibitin dabbobi na gwamnati ko na jami'a irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, ɗan wata biyu ma yana iya ɗaukar cutar. In halinsa ya sauya farat ɗaya, ko muƙamuƙinsa ya saki yana dalala kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya, kada ka kuskura ka sa hannu a bakinsa.

Idan kuwa ya ciji wani a gidanka, ko ya yakushe shi har fata ta buɗe, alhali ba a yi masa allura ba, to ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti goma sha biyar, ka ɗaure karen a keɓe ana lura da shi kwana goma, shi kuma wanda aka ciza ka kai shi asibiti a ranar, kada ka bari sai gobe.