Kuɗin tikitin kasuwa: da wane mudu ake auna aikinsu?

Kowace safiya, tun mai tumatir ba ta yi cinikin fari ba, mai tikiti ya iso. Ta miƙa dala goma ko dala ashirin, ya yage mata ƴar takarda, ya wuce. A gidan rediyo kuwa, duk ranar da muka buɗe waya kan zancen kasuwa, daga Maraɗi har Tawa tambayar guda ce: kuɗinmu ina suke zuwa?

Masu riƙon kuɗin hukuma suna da mudun da suke auna aikinsu da shi. Na farko shi ne abin da aka tara bisa abin da aka sa rai. A ce ma'aikatar magajin gari ta rubuta za ta tara miliyan 10 a shekara, ta samu miliyan 8, sai a ce an kai kashi 80 cikin 100. To, amma wa ya yanka miliyan 10 ɗin? Ɗan kasuwar da ya yi niyyar sayar da buhu biyar a kasuwar da ke iya cinye ashirin, ko ya sayar da su duka, ba za ku kira shi gwani ba.

Akwai kuma na kashewa: nawa aka fidda cikin abin da aka ware. Wannan ni bai taɓa gamsar da ni ba. Ana iya ƙarar da kuɗin kaf a albashi da man mota da tarurruka, takarda ta nuna 100 cikin 100, alhali da damina ruwa yana kwance a bakin rumfunanku.

Shi ya sa a 2009 ƙungiyar UEMOA ta umurci ƙasashenta su koma auna sakamako. Nijar ta yi dokar a 2012, ta soma aiki da tsarin a kasafin kuɗin ƙasa na 2018. Kowace ma'aikatar minista sai ta faɗi abin da za ta yi da kuɗin, ƙarshen shekara ta kawo rahoto: aji nawa aka gina, rijiya nawa aka haƙa. Ya fi na da nesa ba kusa ba. Sai dai mai aikin shi ne mai rubuta rahoton, kuma rijiyar da ta ƙafe bayan wata uku tana nan cikin lissafi. Masu bincike, irin hukumar COLDEFF da aka kafa a 2023, sun fi ƙarfi wajen kama wanda ya ci kuɗi. Wanda ya ɓarnatar da su da rasit cikakke, kama shi da wuya.

A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa masu riƙon ƙwarya, kansilan da kuke tarewa a bakin masallaci ya tafi gida. Lissafin dai ba ya gagarar ƙungiyar ƴan kasuwa. Ku ƙirga masu biya, ku ninka da kuɗin tikiti da ranakun cin kasuwa. Mutum 500 a dala ashirin, jika 50 ke nan a yini, miliyan ɗaya da rabi a wata. Da wannan adadi a hannu shugabanninku za su je ma'aikatar magajin gari, su nemi a nuna musu nawa ya shiga baitulmali, nawa aka biya masu karɓa, nawa ya dawo kasuwa a shara da fitila da makewayi. Tikitin kuma, Hajiya, a daina ƙunshe gishiri da shi.