Ɗan tela da ya zana sarakuna, aka ɗaure shi don ya aika wa dangi kuɗi

Duk ɗan kasuwar Ɗan Issa ya san ciwon rufe iyaka. A 2019 Najeriya ta rufe, haka ma bayan juyin mulkin Yulin 2023, har ta kai mai ɗan'uwa a Jibiya sai ya bi ta daji kafin ya kai masa saƙo. To jama'a, irin wannan ta taɓa faɗa wa wani shahararren mai zanen hoton mutane, Philip de László.

An haife shi a Budafes, babban birnin Hangari, a 1869. Mahaifinsa tela ne, gidan kuma ba wadata, don haka tun yana yaro ya shiga aikin hannu a shagon mai ɗaukar hoto, yana koyon zane a gefe. Daga nan ya ƙaro ilimi a Munik da Faris.

Sana'arsa ita ce a zauna gabansa, ya fitar da kamannin mutum da fenti kamar zai yi magana. Hoton Fafaroma Leo na 13 da ya zana ya ci lambar zinariya a bajekolin Faris na 1900. A 1907 ya koma Landan, ya zana Sarki Edward na 7, a 1914 kuma ya zama ɗan Ingila.

Shekarar nan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Hangari da Ingila suka zama abokan gaba. Shi kuwa bai daina aika wa danginsa wasiƙu da kuɗi ba. A 1917 aka kama shi aka tsare bisa zargin hulɗa da maƙiya. Duk manyan da ya zana ba su hana ba. Sai a 1919 aka wanke shi.

Bai zauna kukan abin da ya wuce ba, ya koma bakin aikinsa. A 1933 ya zana Gimbiya Elizabeth tana yarinya, wadda ta zama Sarauniyar Ingila. Ya rasu a Landan a 1937.

Uwar gida mai awo da maigida mai shago, in yaro na zane a bango da gawayi, kada a yi saurin dukansa, a kai shi wurin masu zanen allon shago ko na manyan motoci ya koya. Hukuma na iya rufe hanya ta ƙwace kaya, amma sana'ar hannu tana nan tare da mai ita. Allah Ya sa mu dace.