Yadda ake horar da 'yan sa-kai don ceto dabbobin teku da ruwa ya jefo gaɓa

A watan Afrilun 2021, mazauna yankin Axim da ke yammacin Ghana sun wayi gari sun tarar da gomman dabbobi dangin dolfin a kwance a bakin teku, wasu da rai wasu a mace. Kafin jami'ai su shawo kan lamarin, jama'a sun riga sun kwashe da dama daga cikinsu domin nama, abin da ya sa hukumomi suka yi ta gargaɗin kada kowa ya ci, tun da ba a san abin da ya kashe su ba. A watan Mayun 2008 ma an ga irin haka a unguwar Yoff ta birnin Dakar, inda manyan dabbobin nan da Turawan Ingila ke kira whale, Faransawa kuma baleine, kusan ɗari suka maƙale a yashi, masunta suka yi ta fama da igiyoyi da kwale-kwale don mayar da su ruwa.

A duk inda haka ta faru, masunta da mazauna gaɓa ne ke riga masana isa wurin. Don haka ne ƙasashe da dama suka ɗauki horar da 'yan sa-kai da muhimmanci, domin abin da aka yi wa dabbar a sa'o'in farko shi ke nuna ko za ta rayu.

Me ya sa tudu ke kashe su?

Duk da cewa ana yawan kiransu kifi, dolfin da whale dabbobi ne masu haihuwa da shayar da 'ya'yansu nono, kuma da huhu suke shaƙar iska ta wata ƙofa da ke saman kansu. Ke nan ba rashin iska ke kashe su a tudu ba. A cikin teku ruwa ne ke ɗauke musu nauyin jiki. Da zarar sun kwanta a yashi, nauyin ya danne huhu da tsoka, tsokar da ta lalace kuma ta saki wasu sinadarai cikin jini waɗanda ke illata ƙoda. Kitse mai kauri da ke kare su daga sanyin teku yakan zame musu matsala a rana, domin zafi ba ya samun hanyar fita, fata kuma ta bushe ta yi ƙuna.

Dalilan fitowarsu gaɓa suna da yawa: rashin lafiya, tsufa, rauni daga ragar masunta ko jirgin ruwa, ƙarar na'urorin da ke aiki a ƙarƙashin teku, ko gaɓa mai shimfiɗaɗɗen yashi inda ruwa ke janyewa da sauri. Wasu nau'o'in kuma a garke suke rayuwa, idan ɗaya ta shiga matsala sauran sukan bi ta.

Abin da ake koya wa ɗan sa-kai

Darasin farko shi ne haƙuri. Duk wanda ya ga dabbar tana numfashi da ƙyar, abin da zai fara zuwa masa shi ne ya ja ta zuwa ruwa. Masu horarwa na hana wannan. Jan ta da wutsiya na iya lalata mata ƙashin baya, kuma dabbar da aka tura ruwa ba tare da an duba lafiyarta ba na iya nutsewa, ko ta sake fitowa a wani wurin da babu mai taimakonta. A nan sauri kan haifi nawa.

Abin da ake so shi ne a kira masu alhakin aikin, sannan a kula da dabbar kafin su zo. Ana daidaita ta a kan cikinta, a haƙa ƙananan ramuka a ƙarƙashin fukafukanta don kada su lanƙwashe. Ana lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane, ana zuba mata ruwa a hankali, amma ba a rufe ƙofar numfashin, ba a kuma barin ruwa ko yashi ya shiga ciki. Mutum ɗaya yakan zauna da agogo yana ƙirga numfashinta, domin likitan dabbobi zai buƙaci wannan lissafi. Wasu kuma aikinsu shi ne nisanta taron jama'a da karnuka, saboda hayaniya na ƙara firgita ta.

Ana kuma koya wa ɗan sa-kai kare kansa. Bugun wutsiya ɗaya na iya karya ƙashin mutum, kuma akwai cututtukan da ke tashi daga waɗannan dabbobi zuwa ɗan Adam. Shi ya sa ake sa safar hannu da takunkumin fuska, ana kuma kauce wa iskar da dabbar ke fesowa.

A Birtaniya, ƙungiyar British Divers Marine Life Rescue da aka kafa a 1988 tana ba da horon yini ɗaya. Bayan darasi, ɗalibai kan je bakin teku su gwada aikin a kan kwaikwayon dabbobin da aka yi da roba aka cika da ruwa, don su ji ainihin nauyin. Suna koyon amfani da wasu dogayen balan-balan biyu masu shimfiɗa a tsakani, waɗanda ake ɗora dabbar a kai idan teku ta kawo ruwa. Kafin a sake ta, ana riƙe ta a ruwa ana jijjiga ta a hankali hagu da dama har jikinta ya saki. Idan garke ne, ana ƙoƙarin sakinsu lokaci guda don kada waɗanda aka saki su juyo neman 'yan uwansu.

Ba kullum ake nasara ba

Wani ɓangare na horon shi ne shirya zuciya ga asara. A watan Satumbar 2020, whale kusan 470 suka maƙale a yammacin tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, kuma bayan kwanaki ana aiki, ɗari da 'yan kai ne kawai aka ceto. A Faransa, a watan Agustan 2022, wani farin whale na yankin ƙanƙara da ake kira beluga ya ɓace hanya ya shiga kogin Seine har ya kai kimanin kilomita 70 daga Paris. Ma'aikata sun shafe kusan sa'o'i shida cikin dare kafin su ciro shi, amma a kan hanyar kai shi garin Ouistreham da ke bakin teku numfashinsa ya taɓarɓare, likitoci suka yi masa allurar da ta kawo ƙarshen wahalarsa. Irin wannan hukunci na likitan dabbobi ne, kuma ana koya wa ɗan sa-kai ya amince da shi.

Gawar ma tana da amfani

Tsarin Faransa ya nuna wata fuskar aikin. Tun 1972 ƙasar ke da ƙungiyar masu sa ido a gaɓa, wadda a yau cibiyar Pelagis ta jami'ar La Rochelle ke jagoranta. Membobinta sun haura 400, ciki har da 'yan sa-kai da ma'aikatan gwamnati. Da yake doka ta kare waɗannan dabbobi, sai wanda ya yi horo ya karɓi takardar izini da ake kira koren kati ke da hurumin aiki a kansu. Mafi yawan dabbobin da suke tararwa matattu ne, don haka ana koya musu gane nau'i da jinsi, auna tsawo, ɗaukar hoto, cirar haƙori da tsoka don bincike, da lura da sawun raga a fata.

Waɗannan bayanai ne suka tabbatar da cewa dubban dolfin na mutuwa a ragar masunta kowane hunturu a mashigin tekun Gascogne. A watan Maris na 2023 kotun ƙoli ta harkokin mulki ta umarci gwamnati ta ɗauki mataki, kuma daga 22 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairun 2024 aka dakatar da jiragen da suka kai mita takwas masu amfani da wasu nau'o'in raga, aka biya masuntan diyya. Cibiyar Pelagis ta ƙiyasta cewa dolfin kimanin 1,450 ne suka mutu a raga a wannan hunturu, alhali a shekarun 2017 zuwa 2023 matsakaicin adadin ya kai kimanin 6,100.

Ina aka kwana a yankinmu?

An fara irin wannan aiki a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ko da yake bai kai na Turai ba. A Senegal, ƙungiyar African Aquatic Conservation Fund na horar da masu sa ido a gaɓa, a Kamaru kuma ƙungiyar AMMCO ta samar da manhajar waya mai suna SIREN wadda masunta ke aika hoto da wurin da suka ga dabba.

Lamarin ya shafi ƙasashen da ba su da teku ma. Ayu, wanda masuntan kogin Neja da Binuwai suka sani, shi ma mai shayarwa ne, kuma yakan maƙale a tafkunan da suka yanke daga kogi idan ruwa ya janye da rani. A yankin Matam na Senegal an sha kwashe irin waɗannan a mayar da su kogi. Yawancin abin da taimakon farko ke buƙata, wato bokiti, zane, shebur da wayar salula, akwai shi a kowane ƙauyen masunta. Abin da ya rage shi ne horo, da lambar wayar hukumar da za a kira a samu mai ɗauka.