Daga Kotson Narambaɗa Zuwa Jaz: Masu Sauraron Faifai A Tambuwal Da Kebbe

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ya yada zango a Tambuwal bayan sallar isha'i, ba zai rasa ganin majalisu a ƙofar gidaje da gefen teburan masu shayi ba. Galibin hirarsu ta siyasa ce, ko ta taki da farashin gero. Amma akwai wata majalisa da na zauna cikinta dare biyu, wadda ba ta da abin taɗi sai kiɗa da waƙa. Mutanenta malaman makaranta ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da dattawan da suka bar aiki, sai kuma ɗalibai 'yan hutu, har da masu zuwa daga Kebbe a kan babur. Ƙa'idarsu guda ce, watau kowa ya zo da abin da yake saurare a makon, a sa a ji, sa'an nan ya faɗi dalilin da ya sa ya zaɓe shi.

Har yanzu faifai suke cewa, alhali kuwa babu faifan a gabansu, sai wayar hannu da 'yar lasifika. Sunan ya samo asali ne daga zamanin garmaho, lokacin da faifai ke juyawa sau 78 a minti guda, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3. A 1948 aka fito da dogon faifai mai ɗaukar wajen minti 20 a gefe guda, a 1963 kuma kamfanin Philips ya fito da kaset. Kaset ɗin nan shi ya kai waƙa ƙauye, domin da shi ne mutum ke iya naɗar abin da Rediyon Kaduna ko Rima Rediyo suka sa, ya kwafa wa abokinsa.

Abin da aka fi sawa a wannan majalisa waƙoƙin fada ne na ƙasar Sakkwato ta dā, kafin a cire Jihar Kabi a 1991 da ta Zamfara a 1996. Ana jin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa Amadu. Da Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na 3. Da Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Macciɗo. Da Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991. In an gaji da fada a koma fagen dambe, a ji yadda Ɗan Anace ke zuga Shago. Ba jin daɗi kaɗai ke tara su ba. Sau da yawa mutum biyu kan zo da waƙa guda, amma ɗauka daban daban, ɗaya ta gidan rediyo, ɗaya ta wurin biki, sai a zauna ana gwada inda makaɗin ya ƙara ɗa, da inda ya sauya kalma, da inda 'yan amshi suka karɓe masa kafin ya dire.

A dare na biyu ne wani ɗalibin jami'a, mutumin Kebbe, ya kawo abin da ya tada gardama. Busa ce mai tsawo da ganguna a bayanta, ba a rera baiti ko ɗaya ba. Wani dattijo ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya nuna cewa a wurinsa kiɗa babu waƙa tuwo ne babu miya. Yaron bai yi musu da baban nasa ba, sai ya roƙe shi ya tuna cewa kalangu da algaita su ma suna magana ba da baki ba, kuma mai busar nan a Zariya ya zauna yana koyo a wurin makaɗanmu.

Gaskiya yaron ya faɗa. Mai busar shi ne Yusef Lateef, Ba'amurke baƙar fata, Musulmi, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 2013. Daga 1981 zuwa 1985 ya yi aikin bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali ga sarewar Fulani. Faifan da ɗalibin ya sa, mai suna In Nigeria, an ɗauke shi a Ikko a 1983 tare da makaɗan ganguna na ƙasar nan. Har ila yau, shi da Ziky Kofoworola sun rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa, wanda ya fito a 1987.

Irin kiɗan da aka san Lateef da shi ana kiransa jaz, ko da yake shi kansa bai son wannan suna. Ya tsiro ne a birnin New Orleans na Amurka a farkon ƙarni na 20, a tsakanin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, kuma a 1917 aka fara ɗaukarsa a faifai. Ba baƙo ba ne ƙwarai a Arewa. A 1960 Louis Armstrong, mashahurin mai busa ƙaho, ya zo Kaduna ya gana da Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Daga 1955 har ya rasu a 1996, Willis Conover yana gabatar da shirin jaz a Muryar Amurka, wanda duk mai rediyo mai kama gajeren zango ke iya ji. A bikin FESTAC na 1977 ma makaɗan jaz irin su Randy Weston sun zo Ikko.

To, mene ne ya haɗa wannan kiɗa da kotson Narambaɗa? In mai karatu ya natsu zai ga abu uku. Na farko, a jaz akan fara da wani ɗan karin sauti da kowa ya sani, a tafi yawo, a komo gare shi, kamar yadda makaɗin fada ke kafa gindin waƙa, ya yi ɗiya, ya komo gindi. Na biyu, akwai kira da amsawa, watau jagora ya jefa, sauran su karɓa. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, gwanin jaz nan take yake ƙago abin da zai busa, saboda haka ba ya maimaita kiɗa guda sau biyu daidai wa daida. Shi ya sa masu sha'awar jaz ke neman ɗauka ta farko da ta biyu ta kiɗa guda, kamar dai yadda mutanen Tambuwal ke yi da Ɗanƙwairo. Da aka kai nan dattijon bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, amma ya sa aka maimaita faifan.

Sai dai akwai wurin da muka bambanta da su, kuma nan ne abin baƙin ciki yake. A bayan yawancin faya-fayan jaz an rubuta ranar da aka ɗauka, da garin, da sunan kowane makaɗi. Mu kuwa, waƙar da masu tura waƙoƙi a waya ke sayarwa a kasuwa sau da yawa ba ta da suna sai lamba, wata an gutsure farkonta, wata an jingina ta ga wanda bai yi ta ba. 'Yan amshin da suka ɗauki rabin nauyin waƙar, ba mai ambatonsu. Tsofaffin kaset suna can cikin adaka zafi da ƙura na cinye su, dattawan da suka san ma'anar tsofaffin kalmomin Gobirci da Zamfarci kuma kullum raguwa suke yi.

Ba a ce ba a yi komai ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza kuma ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa. Amma rubutu daban, murya daban. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da gidajen rediyonmu su haɗa kai su bi garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe, su ari kaset ɗin da ke hannun jama'a, su kwafa, su rubuta bayaninsu, su mayar wa masu su. Ɗalibi kuma da ya zo hutu, ba abin da zai hana shi zama gaban kakansa da littafi da alƙalami. Idan har baƙo ya taso daga Amurka ya yi shekara 4 yana sauraron sarewarmu, abin kunya ne a ce mu masu abin mun bar shi ya salwanta. Allah ya sa masu iko su ji.