Hawan Keke Bayan Shekara Sittin

A watan Janairun 2017, wani ɗan tsamurmurin dattijo Bafaranshe mai suna Robert Marchand ya hau keke a filin tseren Saint-Quentin-en-Yvelines da ke kusa da Paris, ya yi ta zagaye har awa guda. Da aka lissafa, ya ci kilomita 22 da rabi. Shekarunsa 105 a lokacin. Shekara uku kafin nan, yana da 102, kusan kilomita 27 ya yi a awa ɗaya. Jaridu sun fi mayar da hankali kan bajintar, amma abin lura yana tsakanin lambobin nan biyu: ko shi wannan gwarzon, jikinsa ya ja baya da fiye da kilomita huɗu cikin shekara uku, kuma hakan bai sa ya jingine keken ba. Ya rasu a 2021 yana da shekara 109.

Ja da bayan nan ba wanda zai tsallake shi. Iyakar bugun da zuciya za ta iya yi a minti ɗaya tana raguwa kowace shekara, ko mutum na motsa jiki ko ba ya yi. Lissafin da aka saba shi ne a cire shekarun mutum daga 220, wato ɗan shekara 30 zai kai wajen 190, ɗan 65 kuwa wajen 155, duk da cewa mutane sun sha bamban a kan wannan. Yawan iskar da jiki ke iya zuƙa ya sarrafa yayin aiki mai tsanani ma yana sauka da kimanin kashi 10 cikin ɗari duk shekara goma ga wanda ke zaune kawai, tsoka kuma tana zaizayewa, musamman bayan sittin. Shi ya sa tudun da mutum ke haurawa yana hira a da, yanzu sai da haki, gajiyar doguwar tafiya kuma ta kwana biyu ba ta sake shi ba.

Sai dai wani kaso mai yawa na abin da muke ɗora wa tsufa laifinsa, zama ne ya jawo shi. A 2018 masu bincike na King's College da ke Landan da na Jami'ar Birmingham suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mahaya keke 125 'yan sha'awa, masu shekara 55 zuwa 79. Sharaɗin shiga shi ne namiji ya iya yin kilomita 100 cikin ƙasa da awa shida da rabi, mace kuma kilomita 60 cikin awa biyar da rabi. An tarar tsokarsu ba ta zube kamar ta sa'anninsu ba. Abin da ya fi ba masanan mamaki yana bayan ƙashin ƙirji, inda wata 'yar halitta da ake kira taimus ke ƙera wasu daga cikin ƙwayoyin garkuwar jiki. Bisa al'ada tana motsewa tun mutum na matashi, amma ta waɗannan dattawa tana fitar da sababbin ƙwayoyi kusan kamar ta samari. Ɗaya daga cikin masu binciken, Norman Lazarus, shi kansa mahayin keke ne da ya haura tamanin. Dole a yi wa sakamakon adalci: wanda ya iya kilomita 100 a waɗannan shekaru dama can mai lafiya ne, don haka ba komai ne za a jingina wa keke ba. Amma shi Marchand an auna shi kafin horo da bayansa. Masaniya Véronique Billat ta tsara masa atisaye na shekara biyu tun yana 101, galibinsa tafiya a hankali, kaɗan ne mai zafi, sai ƙarfin numfashinsa ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari.

Inda keke ke yaudarar masoyansa shi ne ƙashi. Sirdi ne ke ɗauke da nauyin mutum, abin da ke hutar da gwiwa mai amosani ke nan, amma ƙashi ba ya ƙwari sai yana ɗaukar nauyi. An sha samun mahayan da zuciyarsu garau take, ƙashin ƙugunsu da na gadon bayansu kuwa ya yi rauni. Wanda duk motsa jikinsa keke ne yana bukatar tafiyar ƙafa, ɗaga abu mai ɗan nauyi, da koyon tsayuwa a ƙafa ɗaya, don karayar ƙugu a shekara saba'in ba wasa ba ce. A Holan, ƙasar da keke ya zama ƙafar kowa, mahaya kusan 290 ne suka mutu a haɗari a 2022, kimanin rabinsu masu shekara 75 ne zuwa sama. Yawancin faɗuwar tsofaffi ma ba mota ce sila ba. Wasu a wajen hawa da sauka suke faɗuwa: dattijo ya taka birki, ya ɗaga ƙafa zai ketare sandar tsakiya kamar yadda ya saba shekara arba'in, ƙugu ya ƙi buɗewa, dunduniya ta harɗe da sirdi, sai ga shi a ƙasa keken na tsaye cik. Maganin wannan a bayyane yake, keke mara sanda wanda ake zura ƙafa ta gaba. Da yawan maza sun gwammace su faɗi da a gan su a kan "keken mata", kuma a ganina wannan girman kai ya fi tsufan kansa karya mutane.

Idan ciwo ya shigo, lissafin yana sake canjawa. Magungunan hawan jini irin su atenolol suna danne bugun zuciya, don haka agogon da ke ƙirga bugu ba zai faɗa wa mai shan su gaskiyar wahalar da yake sha ba. Gara ya auna da bakinsa: in yana iya magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba, yana kan daidai. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan glibenclamide na iya jin hannu na rawa, gumi mai sanyi na keto masa, gani na dishi-dishi a tsakiyar hanya, alamar suga ya faɗi, shi ya sa dabino ko alawa a aljihu ya zama wajibi. Zazzaɓi kuwa, ko na mura ne, hutu yake so, don wasu cututtukan na taɓa tsokar zuciya. Waɗanda suka shafe shekaru suna doguwar tafiya mai tsanani sun fi sauran mutane fuskantar wata matsala ta rikicewar bugun zuciya, saboda haka faɗuwar gaba haka kawai, jiri ko nauyin ƙirji ba abin daurewa ba ne, na ganin likita ne. Ga mai hawa a Kano ko Maraɗi cikin bazara akwai ƙari: tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, in kuma yana shan maganin da ke sa fitsari, ruwan jikinsa na iya ƙarewa bai ankara ba.

Wani lokacin ma keke ne abin da ciwo ke bar wa mara lafiya. A 2010 likitan ƙwaƙwalwa Bastiaan Bloem na birnin Nijmegen ya nuna bidiyon wani mai cutar Parkinson ɗan shekara 58, wanda ƙafafunsa ke maƙalewa in zai yi tafiya, taku kaɗan ya faɗi. Da aka ɗora shi a keke sai ya tuƙa sumul, ya yi kwana, ya dawo, yana sauka ƙafafun suka sake kafewa.

Keke mai batir, wanda a Turai injinsa ke daina taimakawa a gudun kilomita 25 a awa, ya mayar da dubban dattawa cikin ayarin abokansu. Masu tsattsauran ra'ayi na kiran sa ha'inci, ni kuwa ban ga wanda aka ha'inta ba tunda ba kofi ake ci ba. Aibinsa ɗaya ne, ya fi nauyi, don haka wajen tsayawa sai da kula. In daidaito ya gagara, akwai mai taya uku. Wanda ƙafarsa ta daina juya feda gaba ɗaya kuma, a Kopenhagen Ole Kassow ya fara wani shiri a 2012 na ɗaukar mazauna gidajen tsofaffi a kujerar gaban keke a zaga da su gari, shirin da yanzu ya bazu zuwa ƙasashe da dama.